Kiɗan Kuluwa a Tsallaken Rafi

Wai Kuluwa mai shirya wasanni ta ɗauko makaɗa tun daga Maraɗi zuwa wani gari na bakin iyaka. Ta je neman izini wajen hakimi.

Ya ce, "Je ki yi wasanki. Amma in kunne ɗaya ya ji kiɗa a cikin garin nan, zan sa a farke gangunan, ke kuma a kore ki."

Ta ce, "Godiya nake, ranka ya daɗe."

Sai ta kafa rumfa a tsallaken rafi, cikin ƙasar Nijar. Ana taɓa ganga gari ya kwashe kaf ya haye, har tsofaffi sai da aka goya su.

Washegari hakimi ya sa aka kirawo ta. Ya ce, "Kin karya sharaɗi!"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, a kawo wanda ya ji yana cikin gari."

Dogarai suka zaga gida-gida, kowa ya ce shi a tsallake ya ji.

Hakimi ya daka tsawa, "Ni na ji da kunnena!"

Kuluwa ta ce, "Ka ji kam, amma a Nijar. Ga ma takalminka ƙafa ɗaya, a filin rawa muka tsince shi."