Manomin da Ya Shuka Irin Dutse

Akwai wani manomi da gonarsa ke bakin kogi. Ba malalaci ba ne, kada mu ɗora masa laifin da ba nasa ba. Cutarsa ɗaya ce: abin da ke hannunsa ƙarami ne a idonsa, abin da ya wuce shi ne babba. In ka zauna da shi, kafin kunu ya huce ya kai ka zamanin kakanni, lokacin da, in ji shi, zangarniyar dawa ɗaya ke ciyar da gida guda.

Wata shekara aka yi ambaliya a ƙarshen damina. Ruwa ya cinye rabin amfanin gonarsa, ya kuma zaftare gaɓar kogin. Daga ɗan abin da ya tsira, matarsa Tabawa ta zaɓi zangarniyoyi masu kyau, ta ɗaure, ta ajiye a can ƙuryar rumbu. Wannan shi ne irin baɗi, kuma ko yunwa ta kai ina ba a taɓa shi.

Da rani ya yi, mutumin ya sauka inda gaɓar ta zaftare don ya haƙo laka ya gyara katangarsa. Sai fartanyarsa ta bugi wani dutse mai falle-falle, dutsen ya rabu biyu. A ciki ga zanen ganye sarai, har da jijiyoyinsa, ga kuma ƙwayoyi baƙaƙe a jere, siffarsu ta dawa, girmansu na gurjiya.

Idonsa bai yi masa ƙarya ba. Iri ne, ko in ce ya taɓa zama iri. Tun kafin a kafa garin, tun kafin kogin ya san hanyarsa, waɗansu tsire-tsire suka yi 'ya'ya suka zubar, laka ta binne su, zamani ya danne zamani, har suka koma dutse. Siffar tana nan yadda take, amma rai ya daɗe da tafiya. Shi kuwa manomin siffar kaɗai ya gani.

Ya bar gyaran katanga. Kullum yana gaɓar kogi yana fasa dutse yana tsince ƙwayoyi, har ya cika ƙwarya babba. Ya kai gida ya ajiye a gaban matarsa, ya ce, "Tabawa, zo ki ga abin da nake faɗa kuna yi mini dariya. Ga irin kakanni."

Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta gwada da haƙori, ta ce, "Maigida, ai wannan tsakuwa ce."

Ya ce, "Ƙwallon goruba ma kamar dutse yake, amma ba ya tsira? Da tsohuwar zuma ake magani."

Bazara ta shigo, hatsi ya ƙare a gidan. Yara suka fara kwana da dafaffen ganyen tafasa kaɗai a cikinsu, ƙaramin cikinsu ya yi ta kuka har muryarsa ta dushe. Tausayi ya kama uban, ya ce wa matarsa ta sauko da irin da ke rumbu ta daka.

Ta ce, "Maigida, wanda ya ci iri ya ci baɗi. A bar mana ko kaɗan ne."

Ya ce, "Wa zai wahala da ƙananan nan alhali ga manya? Daka duka, yara su ƙoshi."

Ta daka tana share hawaye. Suka ci tuwo suka ƙoshi, yara suka yi wasa a tsakar gida, mutumin kuma ya ji kansa mai hikima ne.

Ruwan shuka ya sauka. Kowa ya fita da irinsa, shi ma ya fita da ƙwaryarsa, yana sara yana jefawa yana rufewa da diddige. Ba a daɗe ba gonakin maƙwabta suka yi kore shar. Tasa kuwa ciyawa ce kaɗai ta amsa.

Wani dattijo maƙwabcinsa ya leƙo ya gani, ya ce, "Ɗana, ina da ragowar iri. Zo ka ɗiba ka sake shuka tun ƙasa na karɓa."

Ya ce, "Na gode, Baba. Babban iri ba ya gaggawa."

Ya yi noman fari a gonar da babu tsiro, ya yi maimai, yana jira. Sai da dawar mutane ta fid da kai, bununi yana zuba a kafaɗar masu wucewa, sa'an nan ya fara shakka. Ya durƙusa ya tone rami ɗaya. Ga ƙwayar nan kwance yadda ya sa ta, ba ta kumbura ba, ba ta ma ruɓe ba. Ya ɗora ta a kan fartanya ya buga da dutse. Ta tsage, ciki da waje duk abu ɗaya. Ya daɗe a durƙushe a wurin, gama ya san lokacin shuka ya wuce.

Da kaka ta yi, Tabawa ta shiga bin gonakin mutane tana kala. Abin bai isa ba. Aka raba yaran a gidajen dangi, wannan gabas, wancan yamma. Gidan ya yi tsit, babu mai kuka, babu mai wasa. Abin tausayi ne ƙwarai, domin mutumin yana ƙaunar 'ya'yansa, kuma da hannunsa ya yi musu wannan.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Irin dutse shi ne bangaskiyar da muka gada amma ba ta da rai a cikinmu. Nakan ji wani yana cewa, "Kakana ne ya fara karɓar bishara a garin nan, ubana ne ya ɗauko jinkar majami'ar farko a kansa." Gaskiya ne. A hannunsu iri ne mai rai, ya tsira, ya yi 'ya'ya. Amma a hannunka fa? Sunan baftisma yana nan, kujerarka ta ranar Lahadi tana nan, waƙoƙin duk ka haddace. Siffa ba ta rage komai ba. Yaushe rabon da ka tuba da gaske, ko ka yafe wa wanda ya ɓata maka?

Irin da ke rumbu kuwa shi ne ɗan abin da Ubangiji ya ba ka yau: addu'ar safe, karatun Maganarsa tare da iyalinka, biyayya a ƙaramin abu. Ba shi da girman da za a yi alfahari da shi, shi ya sa muke raina shi, muna barin hidimar duniya ta cinye shi. Dattijon nan kuma shi ne duk wanda Allah ya aiko ya faɗa maka gaskiya tun da sauran lokaci. Ku lura, ba manomin kaɗai ya sha wuya ba. Yaran da ba su tsinci dutse ko ɗaya ba, su aka raba.

Kakanka ya shuka nasa, ya girbe, ya tafi wurin Ubangijinsa. Ranar girbi ba za a tambaye ka gonarsa ba, taka za a duba. Je ka tone ka gani tun ruwa bai ɗauke ba.