Kaza Mai Kwanci Da Ƙwai Tara

Akwai wani mutum a wani gari mai son kaji. Ba don ci yake kiwonsu ba, ba kuma don kasuwa ba. Shi dai ya tashi daga aiki, ya ja kujera bakin akurki ya zuba musu ido, ya ishe shi. Yana da abokai huɗu masu irin wannan ciwo. Duk ranar Asabar sukan taru a gidan ɗayansu, su ɗaga kaza su ji nauyinta a hannu, su buɗe fiffike, su yi ta gardama a kan wanda zakaransa ya fi tsayi.

Wata shekara mutumin nan ya yi tafiya mai nisa, ya komo da zakara ɗaya da 'yan matan kaji uku na wani iri da ba a taɓa gani a garin ba. Zakaran ya wuce gwiwar babban mutum, gashi ya sauko masa har yatsu kamar ya sa wando. In ya yi cara har ƙetaren rafi ana ji. Mutumin ya gina musu akurki na bulo, ya sa waya a taga, ya riƙa canza musu ruwa sau uku a rana. Burinsa ɗaya ne: ya sami 'ya'yan zakaran nan, irin ya zauna a gidansa, duk wanda aka gan shi da shi a ce a wurin wane ya samo.

To, a gidan akwai wata tsohuwar kazar Hausa da surukarsa ta ba matarsa. Shazumama ce, irin mai birkitaccen gashin nan da yake miƙewa sama kamar an taje shi a baibai. Ƙarama ce, ba kyan gani, kuma ba ta da yawan ƙwai. In ta saka goma sai ta tsaya, ta shiga kwanci. Sai ta lafe a kusurwar ɗakin girki ta ƙi tashi, ta tuge gashin ƙirjinta, ta rame. Sau ɗaya a rana take fitowa, ta tsattsagi tsaba kaɗan, ta sha ruwa, ta koma da gudu. Wanda ya kai hannu kusa da ita kuwa, ya sha sara.

A watan da sababbin kajin suka fara ƙwai, sai tsohuwar ta sake shiga kwanci. Nata ƙwan an riga an soye, amma ba ta damu ba, ta kwanta a kan wofi.

Matar ta ce, "Baban Yunana, ga wannan ta kwanta a banza. Ka kawo na sababbin nan a sa mata."

Ya ce, "'Ya'yan zakarana a ƙarƙashin wannan tsumma? Uwayensu na nan. In sun gama sakawa su kwanta a kan abinsu."

"Ka taɓa ganin sun zauna?"

"Ai yanzu suka fara. Wannan kuwa ba ta ƙwai, ba ta kome, sai cin hatsi."

Matar ta ce, "Hatsin ma ba ta ci." Ta ci gaba da tankaɗenta.

Ya kama kazar ya tsoma ta a ruwan sanyi don kwancin ya sake ta. Ta girgije, ta bushe a rana, ta koma kusurwarta. Ya ɗaure ta da igiya a gindin mangwaro kwana biyu. Ana kwance ta ta koma.

Asabar ɗin da ta biyo, taron a gidansa ne. Abokan suka kewaye zakaran suna yabo, shi kuma yana tsaye yana murmushi kamar shi ya ƙyanƙyashe shi. Ana cikin haka sai tsohuwar kazar ta fito shan ruwa, ta ratsa tsakiyarsu a kumbure, tana ƙorafi irin na mai kwanci.

Wani daga cikinsu mai suna Filibus, wanda ba ya barin magana ta wuce shi, ya ce, "Wannan fa? Ita ma daga can ka kawo ta, ko guguwa ce ta yar maka da ita?"

Aka yi dariya. Wani ya ce, "A bar ta, ita ce mai gadin gidan. Ko shaho ya gan ta sai ya canza hanya."

Mutumin ya yi dariya tare da su, amma kunya ta kama shi har wuya. Ya shiga ciki ya ce wa matarsa a yanka ta a yi wa baƙi farfesu.

Ta ce, "Ta mama ce."

Ya ce, "Zan saya miki biyu da suka fi ta."

Ta ɗora ruwa. Da aka kawo farfesun, ba wani nama, ƙashi ne da fata. Filibus ya ja cinya da haƙori ya kasa, ya ce ko a mace ma ba ta daina faɗa ba.

Bayan kwana shida, bazara ta yi tsanani. Irin zakaran nan mai nauyi ne, gashinsa kuma ba na ƙasar zafi ba ne. Da azahar mutumin ya komo ya same shi kwance, baki buɗe, fiffike a shimfiɗe. Ya yayyafa masa ruwa, ya yi masa fifita, amma kafin la'asar zakaran ya mutu.

Abin da ya rage na irinsa a duniyar mutumin nan shi ne ƙwai tara da ke cikin ƙwarya. Kuma kowane mai kiwo ya san ƙwai ba ya jira. In ya wuce kwana goma ba a kwanta a kansa ba, balle a lokacin zafi, ran da ke cikinsa yakan tafi.

Ya jera su a akurki, ya tsaya yana kallo. Manyan kajin suka zo, kowace ta leƙa, ta saka nata a gefe, ta yi kyarkyara gari ya ji, ta fita kiwo. Ya kama wadda ta fi girma ya ɗora ta a kai, ya kife ta da kwando. Ta miƙe tsaye a ciki tana zagaye, ta fasa biyu. Saura bakwai.

Sai ya ɗauki ƙwaryar ya shiga gari. Ya fara da gidan Filibus.

"Kana da kaza mai kwanci?"

Filibus ya sosa ƙeya ya ce, "Na Hausan ai tun bara na fitar da su. Suna ɓata mini iri."

Haka ya samu a gida na biyu da na uku da na huɗu. Ko'ina manyan kaji masu ƙyalli, ƙwai cike da kwano, ba mai zama ko ɗaya. Injin ƙyanƙyasa kuwa sai birni, garin kuma ba wutar da za ta riƙe shi.

A ƙarshe aka nuna masa gidan wata gwauruwa a bakin gari, Kaka Tabita, mai kajin Hausa barjat a tsakar gida. Ya gaishe ta, ya durƙusa, ya faɗi abin da ya kawo shi.

Ta ce, "Akwai ɗaya. Amma yau kwananta goma sha biyu a kan nata. Nan da kwana tara za ta tashi da 'ya'yanta, ta bar naka su huce."

"Kaka, a cire nata a sa nawa. Duk abin da kika ce zan ba ki."

Ta dube shi ta ce, "Ɗana, akwai rai a cikin waɗancan. In zubar da su don naka sun fi wando? Ina shazumamar da uwar matarka ta karɓa a hannuna? Wannan ko a kan dutse aka ɗora ta sai ta zauna."

Ya sunkuyar da kai.

Ta ce, "To, na gane. Ga waccan ja tana sakawa. In ta gama ta kwanta, sai in aika maka. Amma ba ni nake sa musu rana ba."

Jar kazar ba ta kwanta ba sai bayan mako biyu. Aka sa mata ƙwan nan bakwai, ta zauna a kansu da aminci kwana ashirin da ɗaya. Aka ƙara mata kwana uku. Ba wanda ya tsage. Mutumin ya ɗauki ɗaya ya girgiza a kunne, ya ji ruwa yana motsi. Dukansu sun zama baragurbi. Ya haƙa rami a bayan gida ya binne su, don wari.

Ma'anar wannan misali ita ce, gidan mutumin nan ikilisiya ce. Zakaran da manyan kajin su ne baye-bayen da ido yake gani: mai murya a ƙungiyar mawaƙa, mai wa'azin da ake jin sa har bakin titi, mai baikon kuɗi da ake ambata a gaban jama'a. Ba laifi ba ne, Ubangiji ne ya bayar, kuma ƙwan da suke sakawa na gaske ne. Amma ƙwai ba ɗan tsako ba ne. Maganar da aka ji ranar Lahadi, in ba a sami wanda ya zauna a kanta tare da mai ji ba, kafin wata Lahadi ta huce.

Mai kwanci ita ce wadda take zama. Ita ce matar da take zuwa wurin sabon tuba duk Talata, tana maimaita masa abu ɗaya har ya shiga. Shi ne dattijon da ya yi wata uku yana zama a bakin gadon mara lafiya, bayan masu gaisuwa sun gaji sun daina zuwa. A cikin kwanakin nan ba abin da za su nuna muku. Mai kwanci ba ta kyarkyara, gama ba ta saka kome ba. Ramewa take yi, kuma sau da yawa ba ta da daɗin sha'ani, tana da sara. Kada ku ce mini ba ku san irinsu ba. Suna zaune a bencin baya, kuma kun sha yi musu dariya a hanyar komawa gida.

Mu ma muna tsoma su a ruwan sanyi. Mukan ce, "Wance ba ta cikin kowace ƙungiya, me take yi wa ikilisiya?" In baƙi za su zo mukan ture su gefe don kada su ɓata mana tsari. Wata ta ji haushi ta daina, wani ya mutu ba wanda ya koyi aikinsa, mu kuwa ba mu lura ba, domin waƙa tana nan, taro yana cika.

Sai ranar da zafi ya zo. Ɗanka ya fara janyewa daga sujada, ko auren 'yarki ya fara tsagewa, kuna neman wanda zai zauna da su, ba na awa ɗaya ba, na watanni. Ran nan za ku gane ba a sayen kwanci, ba a kuma kife mutum da kwando a ce ya yi. Wanda bai saba zama ba, tsaye zai yi a kan abin ya fasa shi. Wanda ya iya kuwa, za ku tarar yana kan nasa aikin, ba zai zubar da ran da ke hannunsa don naku ya taso da gaggawa ba.

Saboda haka, a makon nan kowa ya duba gidansa da majami'arsa, ya gane wace ce take zama. Ku kai mata tsaba da ruwa, ku rufe bakinku a kan kamanninta. Ku matasa masu murya, ku je ku zauna kusa da ita ku koya tun tana da rai. Gama a ranar da Ubangiji zai zo duba akurkinsa, ba ƙwai zai ƙirga ba. Abin da yake numfashi zai nema.