Tabon Kafaɗar Ɗantani

Ga ta nan, ga ta nanku, manya da yara.

Ta ƙaraso, muna saurare.

An yi wani ɗan sanda, Sufeto Hosea, mutumin kudancin Adamawa, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana aiki a ƙauyuka. Ya zauna a wajen Song, ya zauna a wajen Ganye, ya raba manoma da makiyaya har ya iya Fillanci kamar a ciki aka haife shi. Da furfura ta fara fito masa, aka kawo shi wani ƙaramin ofishi a gefen Bako, inda gidajen Yola suke haɗuwa da gonaki. Abu ɗaya mutane suke kuka da shi a kansa, wato nawa. In ka kawo masa ƙara da gudu, sai ya ba ka benci, ya tambayi lafiyar iyali, sannan ya ce ka faro daga farko. Matasa suna yi masa dariya, dattawa kuwa suna kiransa Baba Sufeto.

A shekarar da Mubi ta faɗa hannun 'yan tada ƙayar baya, jama'a suka kwararo Yola da Jimeta, wasu a mota, wasu a ƙafa. Mutanen gari suka buɗe musu zaure da makarantu, amma tsoro ya shiga zukata, don ana cewa miyagu na sajewa da masu gudun hijira. Samarin unguwa suka kafa 'yan banga, shugabansu Bobboyi, yaro mai zafin zuciya wanda aka kashe masa wa a hanyar Mubi. Sun ji an ce wanda ya daɗe yana rataya bindiga, igiyarta takan bar masa tabo a kafaɗa. Saboda haka duk baƙon da ba su yarda da shi ba, sai su sa ya tuɓe riga.

Wata ranar da hantsi suka tsare wani baƙo, Ɗantani, yana neman aikin gona. Ya tuɓe, sai ga kanta baƙa ƙirin a kafaɗarsa, fatar ta yi tauri kamar ƙirgi. Ya ce shi mai sayar da ruwa ne daga wani ƙauye na kan dutse a wajen Michika, amma Hausarsa ba ta fita sosai, tsoro kuma ya ƙara ɗaure masa harshe. Kafin a jima mutane sun taru da sanduna, wani har ya gangaro da taya.

Labari ya kai wa Sufeto Hosea. A ranar an ga tsohon nan yana gudu. Ya ratsa taron ba bindiga a hannunsa, ya tsaya a gaban Ɗantani, ya dafa kansa.

Bobboyi ya ce, “Oga, matsa. Wannan ba maganar benci ba ce. Ga shaida a jikinsa.”

Sufeto ya dubi kafaɗar da kyau, ya dubi ɗayar ma, ita ma da tabon. Ya ce, “Ɗana, na ga tabo. In mai laifi ne, ni da kaina zan miƙa shi. Amma wanda zai taɓa shi yau sai ya fara da ni. A kira mini Bappa Jalo.”

Bappa Jalo tsoho ne da ya yi sana'ar ruwa a unguwar tun zamanin da ake ɗaukarsa da sanda da garwa biyu, kafin zuwan kurar turawa da jarkoki, wadda ita kaɗai samarin suka sani. Aka zo da shi yana dogara sanda yana mita, wai an tashe shi daga kan kunu. Sufeto ya gaishe shi da Fillanci, ya roƙe shi ya nuna wa yaran kafaɗarsa. Tsoho ya ce shi ba amarya ba ne da za a taru a kalle shi, amma ya zame rigar. Sai ga tabo iri ɗaya, a wuri ɗaya, dama da hagu.

Jalo ya dubi Bobboyi ya ce, “Ruwan da mahaifiyarka ta yi wankan jegonka da shi, wannan kafaɗar ce ta kawo. To, kawo tayar, ni ne babba, a fara da ni.”

Wasu suka sunkuyar da kai, amma Bobboyi ya ce tabo kowa na iya samu. Sufeto bai yi fushi ba. Ya ce gaskiya ne, shi ya sa ba a yanke hukunci da shi. Ya sa aka ɗauko tsohuwar sandar Jalo, aka cika garwa biyu fal, aka ce Ɗantani ya kai su bakin masallaci. Duk wanda bai saba ba, taku kaɗan zai yi ruwan ya watse masa a ƙafa. Ɗantani ya duƙa yana rawar jiki, ya saɓa sandar. Da nauyin ya zauna masa, sai rawar ta tsaya. Ya kama ɗan sassarfan nan na masu ruwa, sanda na lanƙwasa tana miƙewa, a tsakiyar hanya ya juya ta daga dama zuwa hagu bai tsaya ba. Ya sauke, bakin garwa ko jiƙewa bai yi ba. Wanda ya kawo taya ya jingine ta da bango ya sulale.

Duk da haka Sufeto bai sake shi nan take ba. Ya ajiye shi a ofis, Hilda matar Sufeto tana aiko masa da tuwo, shi kuma Sufeton yana bin sansanin 'yan gudun hijira da gidajen unguwannin Luggere da Limawa, har ya samo mutanen ƙauyen Ɗantani. Suka shaide shi, wata tsohuwa ta rungume shi tana kuka, don sun ɗauka ya mutu. Sufeto ya sa Bobboyi ya zo ya gani da idonsa. Da yaron ya gani, sai ya ce, “Baba, da na kashe shi fa?”

Sufeto ya ce, “Ba ka kashe ba. Gobe in kun kama wani, ku kawo mini shi da rigarsa a jikinsa.”

Haka aka yi har tsoron ya lafa. Yau Sufeto Hosea ya yi ritaya, yana zaune a Jimeta. Ɗantani ya koma ƙauyensu, yana da jikoki.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, lokacin tsoro ne aka fi bukatar mai natsuwa. Alama ba hujja ba ce, kuma ran da aka ɗauka cikin gaggawa ba ya dawowa ko gaskiya ta fito daga baya. Wanda aka ba amanar tsaron jama'a, ya tuna cewa baƙon da ba shi da kowa ma yana cikin amanar. Ya tsaya, ya bincika, ya kare shi har a tabbatar.

Ƙurungus, nan na sauke ta.