Faɗuwa Ta Yi

An yi wani mutum, malamin firamare, da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa wata makaranta a nan Jibiya. Ba zan kama sunansa ba. Tun da ya sauka a tasha yake hura hanci. A ganinsa an jefo shi bakin iyaka ne cikin direbobi da 'yan dako, mutanen da ba su kai ya gaishe su ba. Aka ba shi aji huɗu.

Ranar Litinin ta makon jarrabawa aka kawo masa sabuwar ɗaliba, Zulfa, 'yar wani direba mai suna Maɗugu da ya taso da iyalinsa daga Maraɗi. Yana cikin bitar lissafi sai yarinyar ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, ban gane ba."

Aji ya fashe da dariya.

Ya 'yan uwa, wanda duk ya taɓa tsallaka iyakar nan ya san haka yaran can suke kiran malamin boko, kalmar girmamawa ce da suka samo daga Faransanci. Shi kuwa abin da ya shiga kunnensa shi ne dabbar da ta mutu ba yanka. Ya sa ta durƙusa har aka tashi.

Washegari Malama Sa'adiyya ta aji uku ta same shi ta warware masa. Ta ce yarinyar ba zaginsa ta yi ba, bakinta ne ya saba, a bi ta a hankali za ta daina. Da ya tsaya a nan, da ba mu da labari. Amma ya ce shi ba ruwansa da abin da ake faɗa a Maraɗi, an yi masa dariya a gaban aji, kuma sai ya cire wa yarinyar wannan kalma daga baki. To yanzu ai ya sani. Me ya rage masa na uzuri?

Ranar Laraba aka yi jarrabawar lissafi. Zulfa ta riga kowa gamawa. Murna ta ɗebe ta, ta miƙe da takardarta ta ce, "Mushe, na ƙare." Ta kama bakinta da hannu, amma magana ta riga ta fita. Yara suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Mutumin nan ya tako har gabanta, ya ɗauke ta da mari a kunnen hagu, marin da ko ƙato aka yi wa sai ya ga wuta. Kanta ya bugi bango. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna tana kallonsa.

Ranar Alhamis jarrabawar shifta ce, malam na faɗa yara na rubutawa. Yarinyar ta yi ta karkato kai tana neman maganarsa da ɗaya kunnen, takardarta fara fat. Ya kira sunanta, ba ta waiwayo ba. Ya ce taurin kai ne, ya fitar da ita rana. A lokacin ne ya hango wani ruwa-ruwa da jini ya ɓata mata hijabi ta gefen kunne. Ya tsorata. Kuna tsammanin tausayi ne ya kama shi? Albashinsa ya tuna.

Kafin a tashi ya rufe ƙofar aji. Ya ce wa yaran duk wanda aka tambaya ya ce Zulfa faɗuwa ta yi wajen wasa lokacin tara. Ya ɗaga takardun jarrabawarsu ya ce makin kowa na hannunsa, mai dogon baki zai maimaita aji. Sannan ya sa suka yi ta faɗa tare, kamar yadda yake sa su haddace lissafin sau biyu da sau uku. "Faɗuwa ta yi. Faɗuwa ta yi." Har sai da ya ji ta zauna a bakinsu.

Ku dubi wannan aiki. Mun wanke 'ya'yanmu, mun ba su kuɗin tara, mun tura su a koya musu karatu, shi kuwa ya tsaya gaban allo yana koya musu shaidar zur, zunubin da malamai suke lissafawa cikin manyan kaba'irai.

Ranar Juma'a Maɗugu ya zo da 'yarsa da auduga a kunne. A asibiti an ce masa dodon kunnen ya fashe. Hedimasta ya shiga aji ya tambaya, yara suka amsa baki ɗaya yadda aka koya musu. Malamin ya ɗora hannu a ƙirji ya rantse da Allah bai taɓa ta ba. Zulfa ta bi 'yan ajinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kawar da kai.

Maɗugu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, ni baƙo na, ban da kowa garin ga. Ɗiyata ba ta yi mini ƙarya. Na bar ka da wanda ka rantse da Shi." Ya kama hannunta suka fita. A ranar ya mayar da ita wurin kakarta a Maraɗi.

Malamin ya ɗauka ƙura ta lafa. Ya manta yaro ba rumbu ba ne, abin da aka zuba masa sai ya zubo. Monitan ajin, Mudathir, ya kasa cin tuwo, uwarsa ta matsa masa, ya fashe da kuka ya faɗa mata komai. Kafin a dawo daga hutun ƙarshen zango magana ta zaga gidaje, ta kai tasha, ta kai kasuwa.

Tun hukuma ba ta ce komai ba ajinsa ya fi ƙarfinsa. Ta yaya yaro zai ji tsoron wanda ya ga ya rantse a kan ƙarya? In ya tambayi wa ya fasa tagar aji, sai su ce faɗuwa ta yi. In ya tambayi ina Hamza yau, sai wata murya daga baya ta ce faɗuwa ya yi. Ya ɗaga bulala, ya sauke ta bai daki kowa ba. Iyaye suka taru a ofishin hedimasta, yaran suka faɗi gaskiya, aka kore shi.

A masallacin unguwa in ya shiga sahu sai na kusa da shi ya matsa. Mai shago ya daina amsa sallamarsa. Surukinsa ya zo ya tafi da 'yarsa da jikokinsa, ya ce ba zai bar su a hannun mai rantsuwar ƙarya ba. Malamin ya shiga mota zuwa Maraɗi neman gafara, aka ce masa Maɗugu ya yi gaba da iyalinsa, ba wanda ya san inda suka nufa. Yau yana nan yana yawo bakin tasha da riga ɗaya, yana tare direbobin da suka tsallako yana tambayarsu ko sun san wata yarinya da ba ta ji da kunnen hagu.

Kada ku ce ya biya. Kunnen Zulfa bai dawo ba. Yaran ajin nan kuma sun riga sun ɗanɗana cewa ana iya haɗa baki a danne mai gaskiya, kuma babba ne ya nuna musu hanya. Wa zai goge musu wannan?

Ya 'yan uwa, ni ma uba ne, kullum da safe sai na bi nawa da kallo har su sha kwana. Malamai, amana muka ba ku, ba jakuna ba. Girman kai ne ya haifi mari, mari ya haifi ƙarya, ƙarya ta cinye mutumin nan da ransa. Mu kuma iyaye, in yaro ya dawo ya yi shiru ya ture kwano, mu zauna mu tambaye shi.

Allah Ka kiyaye mu da girman kai da rantsuwar ƙarya, Ka tsare mana 'ya'yanmu a inda idonmu ba ya kaiwa. Amin.