Wa Zai Tafi da Bidi?

Ku kasa kunne da kyau, domin in na gama, hukunci yana hannunku.

A wata makarantar koyon hawan doki da ke bayan gari akwai dawaki goma sha ɗaya, amma ɗaya ne kawai ba ya harbi, ba ya cizo, ba ya firgita, wato wani tsohon doki mai suna Bidi. Saboda haka duk ɗalibin da ya zo da tsoro, a bayansa ake ɗora shi. Malamai uku ne a makarantar, kowa da takardar darussansa, kowa kuma yana ganin sau uku kacal yake aiki da Bidi a yini. Babu wanda ya taɓa haɗa takardun wuri ɗaya.

Baba Sallau ne mai kula da barga. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watsu cikin birane, har ya zamana ba shi da abokin hira sai Bidi. Wata safiya yana goge masa jiki, sai ya tarar da miki a gadon bayansa, daidai mazaunin sirdi. Ya mayar da sirdin ya rataye.

Mai makarantar, Alhaji Barau, ya ce, "Baba, yara sun iso. Shimfiɗa tsumma ka ɗaura, ba wanda zai gani."

Sallau ya ce, "Ranka ya daɗe, ga nawa bayan, a ɗaura a kai. Wannan kam ya gama."

Alhaji ya ce tunda haka ne, dillalai za su zo ranar Juma'a su tafi da shi. Kowa a bargar ya san dokin da ya bi su, mahauta ne ƙarshensa. Bidi ya kwanta ya daina cin abinci. Mako bakwai Sallau yana durƙushe a gabansa, yana ba shi jiƙaƙƙiyar dusa a tafin hannu, domin daga hannun wani ba ya karɓa. Ba don shi ba, da yunwa ta kashe dokin.

Malama Lantana, ƙarama a cikin malaman, ita ta tattara takardun uku ta lissafa: darasi tara kullum, kwana shida a mako. Ranar Alhamis, ana gobe dillalan za su zo, ta tsaya a gaban iyayen yara ta karanta musu. Kunya ta sa Alhaji ya janye maganar dillalai, ya kuma kafa doka cewa kowane doki zai sami takardarsa, kada ya wuce darasi uku. Amma ita ya sallame ta, abokan aikinta ma suka daina amsa gaisuwarta. Ba don ita ba, da Bidi bai wuce Juma'a ba.

Dakta Asabe, likitar dabbobi, ta zo ta tarar mikin ya ruɓe, zazzaɓi ya shiga. Sauran likitoci sun ce tsohon doki bai isa a sha wahala a kansa ba. Ita kaɗai take hawo babur kullum bayan ta tashi daga aiki, ta yanke ruɓaɓɓen nama, ta wanke, ta yi masa allura. Ba don ita ba, da ciwon ya kai shi ƙasa.

Da Bidi ya miƙe, Alhaji ya tara su ukun ya ce, "Ba zai ƙara ɗaukar sirdi ba, ni kuma ba na kiwon mai zaman banza. Ɗayanku ya tafi da shi."

Lantana tana da gonar gado mai ciyawa da inuwa, ga ta zaune babu aiki. Asabe tana da magani, mikin kuwa yana iya dawowa. Sallau ɗaki ɗaya gare shi, ko wurin kafa turke babu. Ya tsaya riƙe da ragama, ya kasa miƙa ta, ya kasa ja.

To, wane ne a cikinsu ya fi cancanta ya tafi da Bidi?