Faifan Markaɗen Yaya Zaharaddeen

Akwai wata yarinya a Dala mai suna Bahijja, 'yar Baba Mala mai injin markaɗe. Tun tana ƙarama take jin mata suna yi wa babanta mita, wai kayan miyarsu na fitowa da baƙi-baƙi. Faifan injin ne ke cinyewa, garin ƙarfen yana bin tattasai zuwa cikin tukunya.

Da ta shiga jami'a sai ta karanci ilimin ƙarafa, kuma a digirinta na biyu ta ɗauki wannan matsala. Maimakon ƙarfe guda a ɗan yayyafa masa wani abu, ita ƙarafa biyar take narkawa tare: baƙin ƙarfe, nikel, kuromiyam, manganis da alminiyam. In ya huce sai ta yanka, ta goge shi har ya yi sheƙi, ta leƙa ƙwayoyin cikinsa da na'urar ƙara girma. Burinta ɗaya ne: wata masana'anta ta karɓi haɗinta, a yi faifan da ba ya ci, da sunanta a kai.

To akwai Yaya Zaharaddeen, ɗan yayan babanta, gida ɗaya suka tashi. Shi kam baki ne jarinsa, zai iya sayar maka da rijiyar gidanku.

Ran nan a tsakar gida ta baje 'yan gutsattsarin tana nuna masa, ya ce, "Ƙanwata, wanne ya fi tauri?"

Ta miƙa masa ɗaya. "Wannan, Yaya. Biyar ɗin daidai wa daida na zuba. Amma..."

Ina! Ya riga ya ɗauko magagari yana gogawa. Ko gezau ƙarfen bai yi ba. Ya ce ta ara masa ya nuna a majalisa, a san gidansu akwai mai ilimi. Ta ba shi da murna, ita da ba ta taɓa zarginsa da komai ba.

Ashe wajen Alhaji Salisu mai masana'antar zubin ƙarfe ya nufa, wanda Bahijja ke shirin kai wa aikinta in ta kammala. Ya ce shi ya ƙirƙiro, ya faɗa masa ƙarafa biyar ɗin daidai wa daida ake zubawa. Alhaji ya sa aka zuba faifai, aka tsayar da ranar gwaji.

Sai ranar gwajin Bahijja ta ji a bakin wata maƙwabciya. Wallahi sai da ta zauna a ƙasa. Amma abin da ya tashe ta ba fushi ba ne, tsoro ne. Ta hau adaidaita sahu, ta tarar mutane sun kewaye injin.

Ta ce, "Alhaji, don Allah kada a tayar. Alminiyam ya yi yawa a haɗin nan. Na leƙa cikinsa, akwai tsage-tsage tsakanin ƙwayoyin. Yana da tauri amma gautsi gare shi, in ya ji bugu fashewa zai yi."

Alhaji ya dubi Zaharaddeen. "Wace ce wannan?"

Ya yi dariya. "Ƙanwata ce, Alhaji. Ita ke ɗan wanke min kayan aiki, shi ne ta tsinci kalma biyu."

Jama'a, kun ji fa! Aka kwashe da dariya. Bahijja ta roƙi mutane su ja baya ko da taku kaɗan ne. Wasu suka ja don kunyar idonta. Zaharaddeen kuwa don ya nuna isa, da kansa ya tsaya yana tura masara.

Injin ya ɗauka lafiya lau, har an fara tafi. Sai wata 'yar tsakuwa ta bi masarar. Ƙara ɗaya aka ji, faifan ya tarwatse, murfin ya yi sama, wani ɓari ya tafi da yatsun Zaharaddeen biyu.

Bayan an kwashe shi, Bahijja ta ciro wani guntu daga jakarta. Wannan ta rage masa alminiyam, ya sha bugu bai tsage ba. Ta ce, "Alhaji, ga na gaskiyar."

Ko kallonsa bai yi ba. "Yarinya, Allah ya yi miki albarka, kin ceci mutane. Amma daga gidanku ko allura ba na ƙara karɓa."

Haka ƙofar ta rufe, ba ita ta yi laifin ba.

Duk da haka ita ta kai wa Zaharaddeen kunu asibiti. Yana ganinta ya ce, "Haba Bahijja, me ya hana ki gaya min tun farko?"

Ta ajiye kwanon a hankali. "Na fara a gida, ba ka tsaya ba. Na ƙarasa a gaban mutane, ka ce wanke-wanke nake maka. Da ka ce mu je tare, Yaya, wallahi da na sa sunanka kusa da nawa."

Bai iya shan kunun ba.

Darasi: Wanda ya saci aikin wani, rabin ilimin ya sata, kuma rabin da ya bari shi ke yanka shi. Cin amana ba ya tsayawa kan maci amana, har wanda ya yarda da kai yake jawo wa asara. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani ya janye hannunsa tun yatsunsa na nan.