Gyatsar Saniya da Dokar Kura

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu sha dariya!

Zafi ya ishi namun daji, suka kira taro. Balbela ta ce, "Gyatsar shanu ce ke hawa sama tana tare zafi."

Kura ta daka tsalle: "Doka! Duk mai gyatsa a cinye shi!"

Saniya ta fashe da kuka. Balbela ta ce, "Yaya, bar busasshen karan nan, ga harawa da 'ya'yan gawo." Saniya ta ci, gyatsa ta lafa.

Kura ta yini tana kasa kunne, shiru. Don haushi ta je ta cika cikinta da mushe. Ana tsakiyar taro sai aka ji "gaaat!" daga bakinta.

Zaki ya lashe baki: "Kura, maimaita mana dokar nan."

Har yau gudu take!

Ƙurunƙus kan ɓera, mai gyatsa ya rufe baki!